Ruwan Baftismar Baba Ayuba

Duk wanda ya yi nazarin tarihin bangaskiya da idon basira zai tarar rabinsa tarihin ruwa ne. Akwai tekun da ya dare gida biyu, akwai kogin Urdun, akwai rijiyar Samariya, kuma malaman tauhidi sun cika ɗakunan karatu da sharhi a kansu. Abin da ban taɓa gani a rubutun kowa ba shi ne ruwa na huɗu, wanda a ganina bai gaza sauran daraja ba: tankin siminti da ke bayan majami'armu a Gyadi-Gyadi, mai tsawon mutum ɗaya da rabi, mai matakala uku, wanda yawancin watannin shekara kajin maƙwabta ke yin ƙwai a ciki.

Bazarar bana ce ta tuno mini da shi. Azumin Musulmi ya zagayo ya sake haɗuwa da makonnin Ista, kamar yadda ya yi shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, zafi kuma ya zo da fuskar da na sani. Ina zaune ƙarƙashin fankar da ta daina juyawa tun hantsi, sai na ji mai garuwa ya wuce ta lungunmu, jarkokinsa babu ruwa suna ƙara a cikin kura. Ƙarar jarkar da ba komai cikinta daban take. Ina jin ta, sai ga ni a waccan shekarar.

A lokacin ina koyar da labarin ƙasa a sakandare da safe, da yamma kuma ikilisiya ta ɗora mini ajin manya. Ranar Talata karatu da rubutu, ranar Alhamis ajin masu shirin baftisma. Ɗalibaina masu gadi ne, da teloli, da birkiloli, da matan da ke kasa kaya a kasuwar Tarauni, kusan dukansu sun girme ni. Benci huɗu muke da shi, da allo ɗaya, da allin da gwamnati ke ba da gudummawarsa ba tare da saninta ba. Majami'armu ƙarama ce, mai bishara kawai gare mu, shi kuwa ba ya yi wa mutum baftisma. Sai Rabaran ya zo daga cikin gari, sau ɗaya a shekara, ranar Asabar ta jajibirin Ista. Wanda ya rasa wannan rana ya rasa shekara. Wanda kuma ba a yi wa baftisma ba, in ana cin Jibin Ubangiji, gurasar nan da ake zagayawa da ita a majami'a, sai dai ya zauna ya ga faranti ya zo gabansa ya wuce.

Baba Ayuba ya ga wucewar farantin nan shekara uku. Bamaguje ne daga ƙauyukan kudancin Kano, ya zo birni yana aikin gini, ya faɗo daga bene, gwiwarsa ta hagu ta sandare a lanƙwashe, ba ta miƙewa ba ta ƙara lanƙwasawa. Ya tuba da furfurarsa, bayan rasuwar matarsa. In muna addu'a a durƙushe, shi sai ya sa gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗayar tana kallon rufi.

“Ni na tuba, Malam,” in ji shi. “Wannan ce har yanzu Bamagujiya. Ba ta durƙusa wa kowa.”

Sau biyu yana faɗuwa jarrabawar baftisma, kuma sau biyun ni na kayar da shi. Jarrabawar ta baka ce, a gaban dattawan ikilisiya, ƙarƙashin jagorancin Dattijo Ishaku, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa wanda ya yi imani cewa sama ma da jadawali ake shigarta. Na tambayi Baba mene ne zunubi, ya ce, “Ƙuduji ne, Malam. Yana ƙarƙashin dawa yana shan saiwarta, ba ka ganinsa. Ranar da ya fito da furensa mai kyau, gonar ta riga ta tafi.” Yau na san amsar nan ta fi wadda ke takardata. Amma wadda ke takardata ce ke takardata.

Waccan shekarar tari ya kama shi tun sanyi, ya rame har rigarsa ta zama kamar an rataye ta a ƙusa. Wata Alhamis bayan an tashi ya tsaya yana goge allo, aikin da ba wanda ya sa shi.

“Malam, bana ko dai a tsoma ni, ko a binne ni haka. Na gaji da ganin farantin nan yana wuce ni kamar motar da ta cika.”

“To ka bar mini ƙuduji da dawa, Baba. Abin da na faɗa shi za ka faɗa.”

“Ko ban gane ba?”

“Ganewa ta biyo baya.”

Wannan ita ce dukan falsafar koyarwata a lokacin, kuma da ita na samu ƙarin girma sau biyu a wurin aiki.

Darasin da na fi alfahari da shi shi ne na ma'anar baftisma. A ajin akwai Mama Nkechi, mai sayar da robobi a Unguwa Uku, wadda ta zo Kano tun tana amarya, Hausa a bakinta kamar jakar Kano. An yi mata baftisma tana jaririya a garinsu, ikilisiyarmu kuma ta ce sai an sake.

“Malam, a cocinmu na gida ɗan yayyafi ake yi a goshi,” ta ce, “kuma har yau ban ji an koro kowa daga sama ba.”

Na bari dariya ta lafa, na ɗauki alli, na rubuta da manyan baƙaƙe: daga tafin ƙafa har gashin kai. Na juyo na ce, “In ko ɗan yatsa ya rage a waje, wanka aka yi maka.” Dattijo Ishaku, wanda ke leƙo ajin lokaci-lokaci don ya tabbata ba a koyar da sassauci, ya ji daɗin jimlar har ya kwafe ta a bayan littafin waƙoƙinsa. Ranar jarrabawa ita ya tambayi Baba. Baba ya rufe ido ya zubo ta yadda take, har da tsayawar da nake yi kafin kalmar wanka. Ya ci, shi ne na ƙarshe cikin mutum tara.

Saura ruwa.

Famfon unguwa ya yi wata biyu ba ya ba da komai sai huci. Za ka murɗa shi, ya ja dogon numfashi kamar tsohon da aka tasa daga barci, ya yi shiru. Kududdufin da ke wajen Hotoro, inda ake baftisma kafin a gina tanki, ya ƙafe ya tsattsage, awaki na yawo a tsakiyarsa. Zuwa kogi sai da mota, shekarar kuwa ta wahalar mai ce, layin gidan mai ya fi wa'azin mai bishararmu tsawo. 'Yan garuwa sun zama manyan mutane, sai ka gaishe su da kyau kafin su dube ka. Rana takan fito tun ƙarfe bakwai da niyyarta a fili. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai, kwalta tana kama takalmi, itatuwan darbejiya sun tsaya cak kamar an ɗauke su hoto. Da la'asar hadari kan taru a gabas, kowa ya fito da bokiti da baho, iska ta kaɗa, ta kawo ƙamshin ruwan da aka yi wa wasu a wani wuri, shi ke nan.

A gidana matata Saratu ta mai da bokiti ɗaya ma'aikacin gwamnati mai muƙami huɗu. Da shi za a yi wa yara wanka a cikin baho, ruwan wankan a wanke kayan makaranta, na wankin a goge ɗaki, abin da ya rage a ba tsiron barkonon da ke bakin ƙofa. Hatsi ya yi tsada. Tuwon dawa sau ɗaya a rana, miyar kuka wadda nama ya san ta da suna kawai, da safe kunu mai ruwa-ruwa, da rana yara su jiƙa garin rogo. Ikilisiya ta sa makon azumi da addu'a kafin Ista, kuma ban taɓa ganin ibadar da aka karɓa ba gardama kamar wannan ba, tunda dama rabinmu mun fara ta tun kafin a sanar.

Dattawa suka zauna, Dattijo Ishaku ya kawo shawarar a ɗaga baftisma zuwa baɗi. Ta fuskar hankali ba abin da za a ce masa. Alhamis na kai wa ajin labari. Ba wanda ya dubi Baba, wanda hakan ke nufin kowa shi yake kallo.

“Bokiti nawa ramin nan yake ci?” in ji Mama Nkechi.

Na ce ban sani ba, amma zan iya lissafawa in an ba ni tsawo da faɗi da zurfi.

“Bar lissafin, Malam. In ka lissafa ba za mu fara ba.”

Aka yanke cewa kowane gida zai ba da bokiti ɗaya kullum daga abin da ya samu. Da na gaya wa Saratu, ta dube ni, ta dubi tsiron barkononta.

“Ku malamai kun iya alkawari da ruwan mutane,” ta ce. Washegari ita ta fara kai nata.

Bokitin gida-gida ba zai isa ba, kowa ya sani. Rijiya ɗaya ce ta rage da rai a layinmu, ta gidan Hajiya Mairo, wadda katangarta ke jingine da ta majami'a, kuma kajinta ne masu ƙwai a tankin. Ni aka tura, wai na fi iya magana. Na same ta a zaure tana tsintar shinkafar buɗa-baki, leɓɓanta sun bushe da azumi.

“Wane irin wanka za ku yi wa tsohon nan, Malam, da sai an cika rami?”

“Ba wanka ba ne, Hajiya.” Na fara bayani, na kai wajen tafin ƙafa da gashin kai.

“To. Mu da buta ɗaya muke tsayawa gaban Ubangiji, ku sai da tafki. Allah ya ba ku lada. Ku zo bayan asuba, in mutanen gidana sun ɗiba. In guga ya fara kawo laka, ku bar mini ita ta huta.”

Haka muka shiga aiki. Gari na wayewa ajin manya zai jeru daga bakin rijiya, ta zaure, ta lungu, har bayan majami'a, bokiti na tafiya hannu zuwa hannu. Teloli biyu ke jan guga, igiya ta cinye musu tafin hannu har suka kwana biyu ba su iya riƙe almakashi. Masu gadi suna zuwa kai tsaye daga wurin aiki, ido jawur. Ruwan ja ne, da sanyin ƙasa a jikinsa, in ya fantsamo maka a ƙafa sai ka ji kamar an yi maka kyauta. Masu azumi iri biyu ne a layin nan, mu da mutanen gidan Hajiya, kowa na kallon ruwan da ba zai sha ba. Baba ba ya iya ɗauka, sai ya zauna a bakin tanki yana karɓa yana juyewa a hankali, wai kada ya fantsama. Mata suna rera waƙar zumunta ƙasa-ƙasa saboda gidan mutane ne. Kafin rana ta yi tsawon sanda guga zai fara kawo laka, mu watse, kowa ya nufi neman abincinsa.

Kwana uku muna haka. Rana ta huɗu muka zo muka tarar ruwan da muka bari a matakala ta biyu ya koma ƙasa da ta farko.

Dattijo Ishaku ya ce sata ce, kuma ya fara ambaton unguwanni. Ni na ce rana ce, na yi bayanin yadda zafi ke ɗauke ruwa ya mai da shi tururi, darasin da nake koyarwa a aji biyu na sakandare. Baba ya saurare mu duka da ladabi, sannan ya aika a roƙo masa dusa a gidan Hajiya. Ya sa kowa ya ja da baya, ya barbaɗa ta a kan ruwan, ya zauna. Mun fi minti goma muna kallon dusa. Can sai ta fara tafiya, a hankali kamar masu rakiyar gawa, ta taru a kusurwar gabas.

“Ga ɓarawonku nan, Dattijo,” in ji Baba. “Siminti in ya shekara bai ga ruwa ba, tsagewa yake. Ramin ma azumi ya yi, yanzu yake buɗa baki.”

Sai da muka kwashe abin da ya rage muka zuba a baho da tukwane. Baba ya shiga ramin da gwiwarsa a sama, ya sassaƙe tsagar, ya cusa tsumma da narkakkiyar kwalta, ya shafe da siminti. Ya ce sai ya kwana biyu kafin a zuba ruwa. Na ce ba mu da kwana biyu. Ya ce siminti bai san Ista ba. Yana fitowa tari ya sarƙe shi, ya daɗe dafe da bango, mu kuma muka yi kamar muna duba aikin.

Kwana uku suka rage mana, rijiyar kuma ta gaji. Ranar Juma'a guga tara kawai ta bayar kafin laka. Hajiya ta aiko da ruwan randarta guda, ta ce kada a gaya wa 'ya'yanta. Tsiron barkonon Saratu ya mutu a makon nan, kuma an sanar da ni.

Asabar Rabaran ya iso a bayan babur, dattijo mai sanyin murya. Ya leƙa tankin, ya daɗe yana leƙawa. Da ya shiga, ruwan ya tsaya masa kaɗan sama da gwiwa.

“Za mu kwantar da su,” ya ce. “Kabari ma ba a tsaye ake shigarsa ba.”

Ya cire tabarau ya ba mai bishara. Dattijo Ishaku ya jera mutane bisa yadda suka ci jarrabawa, don haka Baba ne na tara. Abin da ba wanda ya yi tunani, har da mai koyar da labarin ƙasa, shi ne kowane mutum da ruwa yake fita. Zanin mace ɗaya yana shan abin da ya kai rabin bokiti. Mutum uku suka fita, na ga alamar ruwan a bango ta sauka. Mama Nkechi ce ta huɗu. Da ta taso, maimakon ta nufi inda mata ke jiranta da mayafi, sai ta tsaya a matakala ta kama gefen zaninta tana matsewa cikin tanki.

“Na Baba ne,” ta ce wa Dattijo Ishaku, wanda ya buɗe baki zai yi maganar tsari.

Duk wanda ya biyo bayanta haka ya yi. Tela ɗaya har hularsa ya matse.

Aka zo kan Baba. Ni na riƙe shi ya sauka matakala, na karɓi sandarsa, na tsaya ta gefen katanga inda ba kowa sai ni. Jama'a suna ɗaya gefen, mawaƙa a gaba, bakin tankin ya tare musu rabin abin da ke ciki. Rabaran ya tambaye shi ko ya ba da gaskiya. Baba ya ce, “Tun shekara uku, ranka ya daɗe. Malam ne bai yarda ba.” Rabaran ya rufe ido yadda ya saba, ya kira sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ya kwantar da shi a hankali kamar jariri. Jan ruwan ya rufe furfurar. Mata suka ɗauki guɗa. Baba ya taso yana tari yana dariya, ruwa na bin ramukan fuskarsa.

Dattijo Ishaku gajere ne, mawaƙa sun tare shi. Ya zagayo da littafin waƙoƙinsa a hannu, wanda jimlata ke rubuce a bayansa.

“Malam, kai ke kusa. Ya nutse duka?”

Baba yana kan matakala ta biyu, ya miƙo hannu in ba shi sandarsa. Bai dube ni ba. Da sauran kwalta a ƙarƙashin faratansa.

“Ya nutse, Dattijo.”

Ya rubuta.

Washegari, Lahadin Ista, faranti ya zo gaban Baba ya tsaya. Ya sa hannu biyu ya ɗauki ɗan gutsuren gurasar, ya daɗe yana dubansa kafin ya kai baki. Bayan an tashi ya same ni a ƙofa.

“Ashe ɗan wannan ne, Malam. Daga nesa na ɗauka ya fi haka.”

“Ka raina?”

“A'a. Ya isa.”

Ruwan baftismar bai yi asara ba. Mata suka kwashe shi a ranar, aka yi wanki da shi a gida tara, Hajiya ta karɓi na kajinta. Ruwan sama kuwa sai bayan mako uku ya sauko, da rana tsaka, da ƙanƙara, ya cika tankin har ya tumbatsa cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Kwaɗi suka samu wurin da ya fi na Rabaran zurfi.

Yanzu majami'ar tana da rijiyar burtsatse da injin hasken rana. An yi wa tankin tayil shuɗi, ana murɗa famfo ya cika kafin mawaƙa su gama waƙa biyu. Ajin manya yana nan, da fanka da kujerun roba, ana tura darasi ta waya, kuma na ji suna ci sosai. Ban san ko sun san hannun juna ba, mu dai mun san na juna, har da inda igiya ta ci. Matashin fastonmu ya tsinci jimlata a wani tsohon littafin rubutu, ya ce ba a yin malamai irinmu yanzu, yana koyar da ita kowace shekara. Ni tun waccan bazarar ban sake faɗinta ba.

Tarin bai kashe Baba ba. Ya ƙara damina goma sha ɗaya, bai taɓa fashin Jibi ba, kuma duk kaka sai ya kawo mini sabuwar gyaɗa daga ƙauyensu ba tare da ya ce ta mece ce ba. Rabaran ya rasu, Dattijo Ishaku ya rasu, Hajiya Mairo ta rasu, an rufe rijiyarta an gina shago a kai. Sunan Baba yana cikin rajistar ikilisiya, layi na tara, da sa hannun shaida, wato nawa.

Gwiwarsa ta hagu a bushe ta fito.